Furen Dafi, Jar Albasa da Kashin Ƙadangare: Abubuwan Mamaki Kan Neman Maganin Gaut

Ciwon gaut ba ya sallama. Mutum zai kwanta lafiya ƙalau, can tsakar dare ya farka da raɗaɗi a gindin babban yatsan ƙafa, wurin ya kumbura, ya yi sheƙi, ya ɗau zafi rau. Ko gefen mayafi ne ya goge shi sai an ji ihu. Gari na wayewa takalmi ya ƙi shiga, magidanci ya koma ɗingishi yana dafa bango. A wajenmu wasu su ce sanyin ƙashi ne, wasu su ce ya taka asiri. A lissafin shekarar 2020 mutum kusan miliyan 56 ke fama da shi a duniya, maza sun ninka mata kusan sau uku. Tun zamanin da kuwa, itatuwa da tsirrai ake bi ana neman maganinsa, kuma a cikin wannan nema an ga abubuwan mamaki iri-iri.

Mai haddasa shi wani datti ne da jiki ke samarwa da kansa, yurik asid, wanda aikin ƙoda ne ta fitar da mafi yawansa ta fitsari. Idan ya haura miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai jinin ya kasa riƙe shi a narke, ya fara daskarewa a gaɓoɓi ya zama 'yan tsinkaye masu siffar allura. Sanyi na gaggauta daskarewar, shi ya sa babban yatsa, da yake ya yi nesa da ɗumin cikin jiki, ya fi kowace gaɓa shan wuya. Wajen mutum tara cikin goma masu ciwon, ba yawan samar da dattin ne matsalarsu ba, ƙodar ce ba ta zubar da shi yadda ya kamata.

Duk wanda ya taɓa lura da kashin ƙadangare ko na kaza ya ga yurik asid da idonsa: shi ne farin nan da ke gefe guda. Fitsarinsu ke nan. Akuya da saniya da ɓera kuwa suna da wani sinadari a hanta, yurikes, da ke narkar da shi ya bi ruwa salin-alin. Ɗan Adam ba shi da shi. Abin dariya, wake yana da shi, a cikin 'yan ƙulle-ƙullen nan na jikin saiwarsa. A riƙe maganar ɓera, za a dawo kanta.

Kafin a yarda cewa alluran nan ne ke tayar da ciwon, sai da wasu likitoci biyu a Amurka, James Faires da Daniel McCarty, suka yi kasada da jikinsu. Suka tace alluran yurik asid, suka ɗura wa gwiwoyinsu. Da farko shiru, har suka ci gaba da harkokinsu. Bayan 'yan sa'o'i gwiwa ta yi suntum, azaba ta kwantar da su duka biyun. Da suka miƙe suka buga sakamakon, a 1962.

To, mu shiga daji. Maganin gaut mafi daɗewa, wanda har gobe likitoci ke rubutawa, daga jikin wani fure ya fito, kolcikum, mai tsirowa a filayen kiwo na Turai. Shi kansa furen abin kallo ne: da kaka yake ɓullowa, ruwan hoda mai sirkin shuɗi, tsirara ba ganye ko ɗaya, ganyen sai bayan sanyi ya wuce. Dioscorides, masanin tsirrai Bagirke na ƙarni na 1, cikin jerin dafi ya saka shi. A ƙarni na 6 Alexander na Tralles, likitan Rumawan Gabas, ya riƙa ba masu gaut shi, ya kuma lura yana ɓata ciki. Likitocin Musulmi sun san shi da sunan suranjan. Ar-Razi ya rubuta risala sukutum a kan ciwon, Ibn Sina ma ya kawo suranjan cikin magungunan ciwon gaɓoɓi, kuma har yau masu maganin gargajiya a Indiya da Pakistan da wannan suna suke sayar da shi.

Likitocin Turai sun daɗe suna gudunsa don tsoron dafin. Ta ɓarauniyar hanya ya dawo. Wajen 1780 wani hafsan sojan Faransa, Nicolas Husson, ya fara sayar da wani ruwan magani a 'yan kwalabe, ya ƙi faɗin abin da ke ciki. Likitoci na kushewa, masu kuɗi na rububi, don kuwa yana aiki. Sai a 1814 wani ɗan Ingila, John Want, ya fasa ƙwai: kolcikum ne. Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke kan takardar dala 100, gaut ya gallabe shi lokacin da yake jakada a Faransa, kuma shi ake danganta wa kai maganin Amurka.

A 1820 wasu masu haɗa magani biyu a Faris, Pelletier da Caventou, suka ciro sinadarin da ke aikin daga jikin tsiron, wanda daga baya aka raɗa wa kolcisin. A wannan shekarar dai su biyun suka ciro kwinin daga ɓawon itacen sinkona, maganin zazzaɓin cizon sauro da iyaye da kakanni suka sha ɗacinsa.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Kolcisin ba ya rage yurik asid ko ɗigo. Abin da yake yi shi ne ya dabaibaye fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke rugawa gaɓa su far wa alluran, waɗanda faɗan nasu ne ke jawo kumburi da raɗaɗi. In ba su iso ba, gaɓa ta lafa. Alluran kuwa suna nan daram. Mai shan kolcisin kaɗai kamar wanda ɗakinsa ke yoyo ne da damina, yana ta kwasar ruwa da kwano, rufin bai gyaru ba. Don haka duk tsiron da aka ce yana maganin gaut, a fara tambaya: kumburi yake kwantarwa, ko dattin jini yake ragewa?

Dafin kuma ba tatsuniya ba ce. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan, ana samun masu shiga daji a watannin Afrilu da Mayu tsinkar ganyen tafarnuwar daji, su tsinko na kolcikum bisa kuskure don ganyen sun yi kama. Wasu ba sa kai labari. Amai da gudawa ke fara zuwa, bayan kwana ɗaya zuwa uku hanta da ƙoda da ɓargo su fara gazawa. Tafasawa ba ta kashe dafin, kuma babu makarinsa a asibitoci. Ko awon da likita ya rubuta na iya zama dafi ga mai raunin ƙoda, ko wanda ya haɗa shi da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su kilaritromaisin. A 1862 an rataye wata mai jinya, Catherine Wilson, a Landan, bisa kisan wata mata da ake kyautata zaton kolcikum ta ba ta. Ita ce mace ta ƙarshe da aka rataye a bainar jama'a a birnin.

Ba sai an je Turai ba. Akwai ɗan'uwansa a dajinmu, baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege. Da damina yake fitowa, yana hawan ciyayi da ƙananan itatuwa, bakin kowane ganye ya lanƙwashe ya zama ƙugiyar da yake kama reshe da ita. Furen ba ya ɓuya: kunnuwa shida masu murɗaɗɗen baki, gindinsu rawaya, samansu ja wur, duk sun juya baya sun miƙe sama, 'yan sandunan tsakiya sun baje a ƙasa. A cikin ƙasa kuma akwai saiwa mai gwafa. Ita da 'ya'yan cike suke da kolcisin. A Sirilanka an sha garzayawa da mutane asibiti bayan sun dafa saiwar a zaton doya ce, waɗanda suka tsira kuma gashin kansu kan zube bayan kamar mako biyu. Amma a jihar Tamil Nadu ta Indiya, noma shi ake yi gona-gona: a kafa masa abin hawa, a bi furanni ɗaya bayan ɗaya ana yi musu barbara da hannu, a sayar da 'ya'yan ga kamfanonin magani. Shi ne ma furen ƙasar Zimbabuwe. Mu a nan iyakarmu jan kunnen yara da makiyaya kada su kusance shi, kuma jan kunnen na kan hanya, don babu mai iya auna kolcisin da ido a cikin saiwa.

Mai sayen kankana marar 'ya'ya ma da kolcisin yake hulɗa bai sani ba. Sinadarin na hana ƙwayar halitta rabuwa gida biyu, sai zaren gadon da ke cikinta ya ninka. A 1937 masana suka nuna za a iya yi wa tsirrai wannan dabara. Wani masani ɗan Japan, Hitoshi Kihara, ya shafa wa tsiron kankana shi ya samu mai ninki huɗu, ya haɗa ta da ta gargajiya mai ninki biyu, 'yarsu ta fito da ninki uku, bakarariya: ga zaƙi, ba iri. A jikin magabatan kankanar aka yi aikin, wadda ake yankawa ba ta da kolcisin, a sha da kwanciyar hankali.

Mu koma kan gaut. Maganin kolcikum ɗin nan da ya shekara fiye da dubu ana sha, sai a 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista. Kamfanin URL Pharma ya yi gwajin da ake buƙata, aka ba shi damar sayarwa shi kaɗai da sunan Colcrys, aka kori sauran daga kasuwa. Ƙwayar da ake saya kusan santi 9 ta koma dala 4 da santi 85. Aka yi ca a kai. Sai dai gwajin ya zo da abu guda mai amfani. A da, umarnin likitoci shi ne a yi ta haɗiya duk bayan awa ɗaya ko biyu har ciwo ya lafa ko gudawa ta tsinke, duk wanda ya riga zuwa. Gwajin ya nuna miligiram 1.8 na yin aikin da 4.8 ke yi, kuma zaryar bayan gida ta ragu ƙwarai. A 2023 hukumar ta sake amincewa da ɗan ƙaramin awo, rabin miligiram a rana, don rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu toshewar jijiyoyin jini.

Ba kolcikum kaɗai ba ne tsiron da ya haifar da magani. Wani tsiron Masar, killa, wanda Larabawa ke sakace da busassun tsinkayen furensa, an daɗe ana dafa 'ya'yansa don tsakuwar ƙoda. Daga sinadarinsa masu bincike a wani kamfani na Beljiyam suka yi ta sassaƙa har aka fito da benzburomaron, ƙwayar da ke sa ƙoda zubar da yurik asid da ƙarfin gaske. A 2003 kamfanin da ke yin ta ya janye ta daga ƙasashe da dama bayan ta lalata hantar wasu, amma Japan da Sin na amfani da ita har yanzu.

A 1835 aka ciro fulorizin daga ɓawon saiwar itacen tuffa, daga baya aka lura yana sa sukari fita ta fitsari. Sama da shekara 170 bayan nan jikokinsa suka shigo kasuwa a matsayin maganin ciwon suga, irin su dafagiliflozin. Ba don gaut aka yi su ba, amma sai aka ga suna jan yurik asid su fita da shi tare da sukarin, kuma masu shan su ba su cika samun tashin gaut kamar masu shan wasu magungunan suga ba.

Asfirin, da tarihinsa ke komawa ga ɓawon itacen wilo, baki biyu gare shi. Ƙaramin awo na hana ƙoda zubar da yurik asid, babban awo na sa ta zubar. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin saboda zuciyarsa kada ya ajiye da kansa, sai dai kada a ɗauke shi maganin tashin gaut.

Babu ɗan itacen da ya yi suna a wannan fage kamar ceri, 'yan jajayen nan na ƙasashen sanyi. Zancen ya faro daga wani masani, Ludwig Blau, wanda shi kansa gaut ya ɗaure. Ya ci ceri ya ga sauƙi, ya buga rahoto kan mutum 12 a wata mujallar likitanci ta Texas a 1950. A 2012 masu bincike a Boston da suka bi mutum 633 na tsawon shekara suka ce haɗarin tashin ciwon ya ragu da kashi 35 cikin 100 a kwanakin da suka biyo bayan cin ceri, da kashi 75 in an haɗa da alofurinol, ƙwayar asibiti mai rage yurik asid. Kasuwar ruwan ceri ta buɗe. Sai a 2020 aka fito da sakamakon wani gwaji na ƙeƙe-da-ƙeƙe daga Niyu Zilan: mutum 50 masu gaut, wasu aka ba su tataccen ruwan ceri, wasu aka ba su abin da ya yi kama da shi, na kwana 28. Yurik asid ko gezau.

Bitamin C ma duk kanwar ja ce. Cikin maza kusan 47,000 da aka bi shekara 20 a Amurka, masu shan sa da yawa sun fi tsira daga kamuwa. Amma a wani gwaji na 2013 kan mutum 40 da suka riga suka kamu, miligiram 500 a kullum na mako takwas, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Kurkur, da ake ta yayatawa a wayoyi, an gwada sinadarinsa a Tailan kan masu yawan yurik asid, bai fi ƙwayar da babu komai cikinta ba.

Jar albasa ta ɗan taɓuka. Tana da kwasetin, wanda ke taka wa haɗa yurik asid burki a daidai inda alofurinol ke takawa. A jami'ar Leeds ta Ingila an ba maza 22 miligiram 500 kullum na mako huɗu, abin da masu binciken suka ce jiki na samun kwatankwacinsa daga giram 100 na jar albasa. Yurik asid ya sauka da kusan kashi 8 cikin 100, aka buga a 2016. Manoman Galmi da Aliero na iya murmushi, amma a lura: mazan nan ba su da gaut, kuma mai ciwon da jininsa ke kan 9 ƙasa da 6 ake so ya sauko, wato ya zubar da sama da sulusi. Albasa ba za ta kai shi can ita kaɗai ba.

Zoɓonmu ma an gwada shi, can Tailan. Mutum 18 suka sha shayinsa safe da yamma na kwana 15, yurik asid da ke fita a fitsarinsu ya ƙaru. Gwajin ƙarami ne kuma ba a kan masu gaut aka yi ba, amma dai albishir ne. Inda gizo ke saƙar shi ne zoɓon da muke ƙullawa a leda, wanda ba ya karɓuwa sai an zabga masa sukari. Rabin sukari furuktos ne, shi kuwa hanta na fara sarrafa shi yurik asid ke hawa. Wani bincike na 2008 kan maza sama da 46,000 ya nuna mai shan lemon kwalba biyu ko fiye a rana haɗarinsa ya ƙaru da kashi 85 cikin 100 a kan wanda bai kai ɗaya a wata ba. Zuma da ruwan 'ya'yan itace ma na ɗauke da furuktos, don haka mai gaut ba ya kwankwaɗar su.

Kofi ya ba kowa mamaki. Kafeyin, sinadarin da ke hana barci a cikinsa, ɗan gida ɗaya ne da yurik asid, sai a yi zaton zai ƙara ciwo. Amma binciken 2007 ya nuna maza masu shan kofi huɗu zuwa biyar a rana haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 40 cikin 100, har wanda aka cire wa kafeyin ya nuna ɗan tasiri. Shayi bai nuna komai ba, 'yan teburin mai shayi sai haƙuri.

An daɗe ana hana masu gaut wake da alayyafo, wai suna da furin, kayan da jiki ke mayarwa yurik asid. Binciken 2004 kan maza 47,150 ya wanke su tas: ganye da wake ba su ƙara haɗari ba. Nama da kifi da sauran naman ruwa ne suka ƙara, madara da nono marasa maiƙo suka rage. Hanta da ƙoda da sauran kayan ciki sun fi tsoka furin, giya kuma ba a magana. Alale da ƙosai ba su da laifi, a dai yi hattara da soyen kayan ciki ranar layya.

Yanzu ga maganar ɓera. Kusan kullum sai an ji wani tsiro ya “rage yurik asid”. Masana a Sin sun tace tsirrai 122 suka gwada, suka buga a 2000. Reshen kirfa ya zo na ɗaya, amma ƙarfin alofurinol ya ninka nasa fiye da sau goma. Irin wannan gwaji a kwalba ake yin sa, inda babu cikin da zai narkar da sinadarin, babu hantar da za ta farfasa shi kafin ya kai inda ake so. Daga kwalba sai ɓera, shi kuwa ɓera ba ya gaut, tunda yana da yurikes. Sai an ɗura masa wani abu da zai toshe yurikes ɗin, a ƙaga masa ciwon na 'yan kwanaki, sannan a ce an warkar da shi. Tsakanin wannan ɓera da dattijo ɗan shekara 60 mai hawan jini da raunin ƙoda akwai tafiya mai nisa, kuma tsirrai ƙalilan ne suka taɓa yin ta.

Akwai dalilin da ya sa kusan kowane ganye ke samun masu rantsuwa a kansa. Tashin gaut, ko ba a sha komai ba, yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ya tafi hutun watanni. Duk abin da aka sha a rana ta biyar shi zai kwashi yabo. A Turai akwai wata ciyawa da aka riƙa shukawa a gidajen ibadar Kirista, ana dafawa ana ɗaura wa ƙafar masu gaut, ƙarni bayan ƙarni. Yau masu lambu ba su da abokiyar gaba kamarta, in ta shiga fili ba ta fita, kuma ba ta cikin abin da likitoci ke ba mai ciwon. A lokacin hutun nan kuwa alluran ba barci suke ba: taruwa suke, su zama ƙullutu masu farin alli a yatsu da gwiwar hannu da gefen kunne, su riƙa cin ƙashi.

Wani lokaci kuma maganin itatuwa na aiki ne don ba na itatuwa ba ne. A 2022 hukumar Amurka ta gargaɗi jama'a kan Artri King, ƙwayar da ake tallata wa masu ciwon gaɓoɓi da sunan kayan tsirrai; da aka gwada sai ga diklofenak da deksametazon a ciki, ba a rubuta a kwali ba. A Indunusiya ma hukuma ta sha kama maganin gaut na gargajiya da aka cakuɗa da magungunan asibiti a ɓoye. Mai sha zai ji garau, ya dawo ya ƙara saye, bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙoda ta raunana, ita ƙodar da ake lallaɓawa ta zubar da dattin. Duk gari ko jiƙon da ya ɗauke raɗaɗin gaut nan take, a gani na, abin tuhuma ne.

Shi diklofenak ɗin ma da nasa tarihin. A Indiya da Pakistan an riƙa yi wa shanu allurarsa, ungulayen da suka ci mushensu ƙodarsu ta mutu, yurik asid ya lulluɓe musu kayan ciki fari fat. Wasu nau'o'in sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a haramta ba dabbobi shi a 2006. Gaut ne ya kusa ƙarar da ungulu a can.

Fumfunar nan da ke lalata gyaɗa da masara a rumbu, mai haifar da gubar afilatoksin, ita ta ba ɗan Adam aron yurikes ɗin da ba shi da shi. An ɗauko tsarin haɗa shi daga jikinta aka dasa wa yis, aka samu rasburikes, allurar da ke share yurik asid cikin sa'o'i ga masu shan maganin kansa. Ba a yi wa mai ƙarancin sinadarin G6PD, don tana fasa masa jajayen ƙwayoyin jini, wannan ƙarancin kuwa ya yi yawa a Afirka ta Yamma.

Alofurinol, ƙwayar rage yurik asid da aka fi sha a duniya, ba daga daji ta fito ba. Gertrude Elion da George Hitchings sun yi aiki a kanta ne suna neman ƙara wa maganin kansar jini ƙarfi, ta ɓige da zama ta gaut a 1966. Su kuma suka ci kyautar Nobel a 1988. Tana da araha, ana fara ta da kaɗan ana ƙarawa, kuma a watannin farko likita kan haɗa ta da ɗan kolcisin, don narkewar tsofaffin allurai na iya tayar da ciwon. Wanda ƙuraje suka feso wa yana shan ta, ya dakata nan take ya koma asibiti.

Mai karatu, in babban yatsanka ya taɓa tashinka da dare, je a auna maka yurik asid da lafiyar ƙoda, a kuma maimaita bayan kumburin ya lafa da mako biyu, don a tsakiyar ciwo awon kan sauka ya yaudari mutum. Ka nuna wa likita duk abin da kake sha, har jiƙo da gari, har ƙwayar hawan jini mai sa fitsari da maganin tarin fuka, don wasunsu na ɗaga shi. Lambar da ake so a gani a takardar gwajinka ita ce ƙasa da 6.